Abin da Zulfa ta Faɗa a Rediyo

Bukan Sidi, Lafiya
9 ga Yuli, 2023

Zuwa ga bawana Malam Baballe,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ya ciwon gwiwar, ya zafin Gashuwa? Mu nan ruwa ya zauna sosai, har katangar bayan gida ta fara jiƙa. Hawan jinina yana inda likita ya bar shi, sai ranar Laraba da aka ƙara mini.

Ga doya da lemo a hannun Ashemi direba. Takarda na rubuto maka don wayata Zulfa ce take buɗe mini ita, abin da zan faɗa kuwa ba na idonta ba ne.

Ka san ƙungiyar nan mai horar da 'yan mata sana'a ta sa Zulfa cikin waɗanda suka yi fice bana, saboda turaren wutan da take ɗurawa a kwalabe masu ƙyalli. An kira su gidan rediyo. Na tara matan layinmu a tsakar gida, na dafa zoɓo, na ƙure muryar rediyo. Da Turanci aka yi hirar. Turancina na firamare ne, amma kunnena ba na firamare ba ne. Na ji mai tambaya ya yi tambaya, na ji Zulfa ta ce, “My mentor is Madam Ursula Tyav.” Daga nan ta yi ta zuba kamar an kunce famfo, Madam Ursula kaza, Madam Ursula kaza. Na kasa kunne in ji mother, wadda ko akuyar makaranta ta san ta, har aka sa kiɗan rufewa.

Matar Bukar maƙwabcinmu, wadda ta yi sakandare kuma ba ta bari kowa ya manta, ta ce kalmar tana nufin uwar ɗaki. Asama'u mai ƙosai ta ce a'a, malama ce. Wata ta ce ai wadda ta raine ka ake ce wa haka. Suka shanye zoɓona suna kallona ta wutsiyar ido.

Ita Madam ɗin 'yar Tibi ce, tana da wurin matsar man riɗi a Adogi. Bara ƙungiyar ta haɗa su. Bara, Baballe. Ni kuwa da kanka ka miƙo mini yarinyar nan bayan rasuwar matarka Bilkis, ko yaye ba a gama ba. Ni na tauna na sa mata a baki. Ni na nuna mata yadda ake wanke farcen turare, yadda ake narka sukari kada ya ƙone, yadda ake bambanta sandal na gaske da itacen da aka shafa wa mai.

Ban tambaye ta ba. Ba zan tambayi 'yar da na goya ma'anar abin da aka mare ni da shi ba. Littattafan Hausa da na karanta sun cika kabad, na fiƙihu ma ka san ba baya nake ba, amma wannan kalma ba ta cikinsu. Kai ka tsufa kana koya wa 'ya'yan mutane Turanci, yau ka yi wa uwar gijiyarka amfani. Me take nufi, wa ake ce wa ita, a ina ake sa ta? Kada ka sassauta mini, kada kuma ka yi mini lacca.

'Yar kawunka,
Khadijatu

*

Gashuwa
21 ga Yuli, 2023

Ranki ya daɗe, uwar gijiyata,

Wa alaikumus salam. Gwiwa da sauƙi, zafi kuma mun saba. Doya ta iso, na gode, sai dai wasu sun fara ruɓewa ta ciki, waje kuwa sumul, na ce lallai daga hannun Khadijatu suka fito. Ki riƙa shan maganinki, ki rage tara mata a tsakar gida.

Ga amsarki. Matar Bukar ta kusa, amma ba ta kai ba. Mentor shi ne wanda ya riga ka gogewa a wani aiki, ya ja ka a jiki na wani lokaci, yana ba ka shawara, yana nuna maka ramukan da shi ya faɗa, yana buɗe maka ƙofofin da ƙafarka ba ta kai ba. Ba malamin aji ba ne, don ba ya yi maka jarrabawa. Ba ubangida ba ne, don ba ya ci da kai, ba ya kuma korar ka. Kana iya yi masa musu, kana iya ƙin shawararsa, gobe ku gaisa lafiya lau. Namiji da mace duk kalma ɗaya ce. An fi jin ta a wurin aiki, a jami'a, da wajen sana'a. Sabon likita zai ce babban likita kaza ne nasa, sabuwar 'yar jarida ta ce edita kaza ce tata.

Turawa ba su cika kiran uwa ko uba da ita ba, domin shi wannan samun sa ake yi a hanya, iyaye kuwa tarar da su ake yi. Saboda haka ba kujerarki aka ba matar nan ba. Wata 'yar kujera ce can gefe, irin ta roba. Tambaya aka yi wa 'yarki ta amsa, kuma ga yadda kika rubuto jimlar, ta amsa da Turanci mai kyau.

Ki kwantar da hankalinki. In kuma 'yar taki ta fara tsone miki ido, ai motar Ashemi ba ta rasa wuri, ki ɗoro mini ita tare da doya.

Ga busasshen kifi nan. Ki ba matar Bukar kaɗan, ladan fassara.

Bawanki da bai samu 'yanci ba,
Baballe

*

Bukan Sidi, Lafiya
2 ga Agusta, 2023

Malam Baballe,

Salamu alaikum. Kifi ya iso, matar Bukar ko ƙaya ba ta gani ba. Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Na karanta bayaninka har na haddace. Wanda ya riga ka gogewa, ya ja ka a jiki, ya nuna maka ramuka. To wanne ne ban yi ba? Ga jimlata, ka duba da jan bironka: I am the mentor of Zulfa since she has no teeth. In da kuskure ka bar shi, gaskiya ce.

Mai kujerar roba ta zo gidana. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo man riɗi mai kyau, ta cire takalmi tun daga ƙofa. Na duba ta sama da ƙasa in sami abin ƙi, ban samu ba, wannan ya fi komai ƙona mini rai. Amma da ka ga 'yar da na raina a gabanta. Tana yi mata musu a kan launin murfin kwalba, tana dariya har da dafa mata kafaɗa, tana katse ta a tsakiyar magana. Ni in na shigo ɗaki sai ta gyara ɗankwali ta sunkuyar da kai. Na yi zaton tarbiyya na yi. Ran nan na tsaya da tire a hannu kamar 'yar aiki ina kallon wata tana cin abin da na shuka.

Sai ga abin da ya kawo ta. Wai wata mai kanti a Abuja ta shaƙi gyalen Zulfa ta ce irin wannan take so, ba na cikin kwalba ba. Abin da ke jikin gyalen kuwa haɗin kakarmu Yagana ne, wanda nake turara ɗakina da shi. Kai namiji ne, amma ka san dokarsa. Mace ɗaya ake ba wa a kowane zamani, uwa ta ba 'ya, a bakin wuta, ba a faɗar sa a ko'ina sai can, hanci da tafin hannu ne ma'auninsa. Yagana ta ba Gwaggo Falmata, ita ta ba ni da ta ga ba ta da 'ya mace. Na yi niyyar in ba Zulfa in lokaci ya yi.

Madam ta ce a kawo sikeli a auna komai, a rubuta, don ko wace kwalba ta fito iri ɗaya, ko ma'aikata ma su iya haɗawa. Na ce mata turaren Yagana ba garin kwaki ba ne. Sai ta ce da Hausarta ta kasuwa, “Mama Zulfa, in ka mutu da wannan abu a cikin kai, wa ya ci riba?”

A gidana, Baballe, da man riɗinta a gabana. Zulfa kuwa tana zaune tana ji. Na ce su tashi, ba sikeli, ba haɗi, wanda ya buɗe mata ƙofar Abuja ya ba ta abin da za ta shiga da shi.

Yanzu kai. Na ga layinka na ƙarshe. Shekara da shekaru ba ka taɓa cewa a turo ta ba ko da wasa, sai yanzu da aka ji sunanta a rediyo motar Ashemi ta sami wuri. Ashe ku biyu ne. Ita ta ja ta Adogi, kai ka ja ta Gashuwa, ni in zauna da kasko. In karɓar 'yarka kake so ka fito fili, kada ka naɗe mini ita cikin wasan taubashi.

Khadijatu

*

Bukan Sidi, Lafiya
27 ga Agusta, 2023

Baballe,

Salamu alaikum. Ashemi ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, ba takarda. Ya ce ya gan ka a ƙofar gida kana shan iska, don haka ba sai na tambayi lafiyarka ba.

Zulfa ta kwashe kwalabenta ta kai Adogi. Can take kwana yanzu, sai Juma'a take leƙowa. Ni na jawo, ban musa ba. Ta zo ta durƙusa tana roƙo a kan haɗin, na ce ta je wurin mentor ɗinta, ai ni ban kai a ambace ni ba. Ka ga na iya sa ta a jimla. Sai ta fashe da kuka, ta faɗi abin da ya sa na ɗauki biro yau.

Ashe an ba su tambayoyin tun kafin ranar. Ta rubuta amsarta, ta tura wa Kawunta malamin Turanci, wato kai, ta waya ya gyara mata. Layin farko da ta rubuta shi ne, “My mother is my first mentor.” Ta biyo da yadda na koya mata wuta da turare a Bukan Sidi, sannan ta zo kan Madam. Kawu ya maido mata da gyara, ya cire wancan duka, ya ce ba a amfani da kalmar haka, za a yi mata dariya. Ita kuma ta yarda, don wa ya fi Kawu Turanci?

Ka zauna ka rubuto mini bayani mai tsawo, har da kujerar roba, har da yaba Turancinta, alhali hannunka ne a ciki. Ka bar ni na kori baƙuwa, na kori 'ya, na zauna ina zargin yarinyar da ta sa ni a gaba.

Na sa matar Bukar ta duba mini a wayarta, ka ga inda ka kai ni. Ta nuna mini mutane rututu, Turawan ma da kansu, suna cewa uwarsu ce mentor ɗinsu ta farko. Ba wanda ya yi musu dariya.

Saboda haka ba Turanci ba ne. Ka faɗa mini mene ne. In ka sake yin shiru, na rantse zan hau motar doya in zo in ji da kunnena.

Khadijatu

*

Gashuwa
6 ga Satumba, 2023

Khadijatu,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, Ashemi bai yi ƙarya ba. Na yi ta fara takarda ina yagawa.

Jimlar yarinyar daidai take. Ba kuskure ko ɗaya a ciki. Da ɗalibina ne ya rubuta da na ba shi maki cikakke.

Saƙon ya shigo ina zaune bayan la'asar. Na karanta my mother, sai zuciyata ta kawo mini Bilkis, har na ji daɗi, na ce ashe tana tuna ta. Na gangara layi na biyu na ga kasko da Bukan Sidi. Ban san lokacin da na goge ba. Dalilin Turancin daga baya na nemo shi, kuma da kika tambaya na same shi a ajiye, na miƙo miki.

Ni na kawo miki ita da hannuna, kuma da za a mai da ni ranar, ke zan sake kawo wa. Wanda ya ba da riƙo ba ya bin sawu, na kiyaye wannan. Ban taɓa tambayar ki me ta ci ba, ban taɓa cewa 'yata ba ko a takarda. Tana ce mini Kawu ina amsawa. Duk wannan na iya. Amma a faɗa wa duk jihar Nasarawa cewa ga uwarta, ita kuwa waccan ko kamanninta yarinyar ba ta riƙe ba, sai na ga kamar an sake binne ta. Ke an tsallake ki a rediyo rana ɗaya kin hana kowa barci. Ki auna.

Ba hujja nake kawowa ba. Na zalunce ki, na zalunci yarinyar, na kuma yi amfani da abin da ta yarda da ni a kansa. Zan gaya mata da kaina.

Maganar mota wasa ne, wallahi. Ba na neman karɓar ta, ba ta kuma karɓuwa. Abu ɗaya nake roƙo. Haɗin Yagana haƙƙinta ne ta wajenki. Kada ki hana ta saboda ni.

Baballe

*

Bukan Sidi, Lafiya
24 ga Satumba, 2023

Bawana,

Salamu alaikum. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi, don za ka yi zirga-zirgar kasuwa kwanan nan. Ni lafiya lau.

Ban yafe ba tukuna, kada ka ga na ce bawana ka saki jiki. Na karanta takardarka a tsaye, na zage ka, na zage ka, sannan na zauna.

Washegari na hau mota zuwa Adogi. Na same su a rumfa ana tace mai. Madam ta taso da fara'arta, na gaya mata tambayar da ta yi mini a gidana rashin kunya ce, amma tambaya ce, kuma na zo da amsa. Zan ba Zulfa haɗin. Sikeli ba zai shiga tsakar gidana ba, biro ma haka. In ya zauna mata a hanci ya zama nata, abin da za ta yi da shi bayan nan ita da Yagana. Madam ta ce ta yarda. Har ta ce in ina so in riƙa zuwa ina duba 'yan matan da ke koyon sana'a a wurinta, wai irina suke nema. Na ce mata mutum ɗaya nake yi wa wannan aiki, kuma ban gama ba.

Ranar Asabar ni da Zulfa muka hura gawayi. Kasko na farko ta ƙona shi ƙurmus. Na biyu ta sauke da wuri, na sa ta shaƙa har ta gane da kanta. A na uku ne ta ce mini ai wutar ta yi yawa, ni na cika gawayi. Ni, Baballe. Na ɗaga muciya, sai na duba na ga wutar ta yi yawa. Na rage.

Akwai abin da ku maza ba ku sani ba a dokar Yagana. Muddin ana bakin wuta, duk abin da mai koyo ta tambaya sai an ba ta amsa, don kada ta tashi da shakka a ranta ta ɓata haɗi. Na faɗa mata haka ina jiran tambayar kayan haɗi irin su gabgab da miski. Ta yi ta juya kasko, can ta ce, ba ta ɗago ba, “Mama, ita wane turare take so?”

Ban ce “Wa?” ba. Na san Bilkis take nufi.

Na yi kishi da 'yar Tibi mai man riɗi har na kasa cin abinci, ashe wannan wasan yara ne. Ita Madam ana iya zuwa Adogi a gaya mata magana. Wannan fa? Ina zan same ta? Na ji kamar in ce na manta. Amma wuta tana ci, doka kuma doka ce.

Na ce kajiji take so, da ɗan farce, sukari kaɗan, ba ta son mai zaƙi. Na ce in tana dariya tana rufe baki da gefen gyale. Na ce ranar kamunta ni na turara ta, ta yi ta atishawa tana ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifi. Yarinyar ta yi ta tambaya, ni kuma na yi ta amsawa, har gawayin ya mutu muka ƙara wani. Ba ta taɓa yi mini magana mai tsawon haka ba.

Da muka gama na Yagana, ta ce mu haɗa wanda Bilkis take so. Ita ta haɗa, ni ina zaune. Ya fito.

Wadda ta miƙa maka takardar nan ka san ta, ba sai na gabatar ba. A motar haya na sa ta, ba a kan doya ba. Aro na ba ka. Mai kantin Abuja tana jira, ni ma ina da sauran abin da zan koya mata, don haka ranar da na kira ka sa ta a mota, ban da ciwon gwiwa, ban da a ƙara kwana. Abin da ka ce za ka gaya mata, ka gaya mata a zaune, ido da ido. In ta tambaye ka Bilkis ka amsa, ko babu wuta.

Ƙaramar kwalbar da ke cikin jakarta taka ce. Kada ka buɗe ta a gaban mutane.

Uwar gijiyarka,
Khadijatu